Baffa Mai Riƙon Igiya

Ranar Talata kafin azahar muka kai Baffa makwancinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar ƙofar gida ta cika, har sai da aka aro tabarmin masallaci aka ƙara shimfiɗa a gindin darbejiya. Ni ina ta kai da kawo, amma kunnena yana wurin masu gaisuwa. So nake in ji abin da mutane za su faɗa a kan ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina shekara tara, bayan da mahaifin nawa ya rasu.

Wani dattijon Bafillace da ya taso tun daga Yalwan Damai ya jingine sandarsa, ya yi addu'a aka shafa, sannan ya ce, "Shanuna sun fi shekara ashirin suna shan ruwan hannunsa." Liman ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da ba ya gaggawa irin Baffa ba, ko takalmi zai sa sai ka ce shawara yake yi da shi. Taubashinsa kuwa, wanda suka tsufa suna tsokanar juna, zama ya yi ya miƙe ƙafa ya ce, "To, yau dai malalacin nan ya samu hutun da yake so." Aka yi 'yar dariya. Shi bai yi ba, kuka ne ya ƙwace masa, ya rufe fuska da hannun riga.

Can wani tsohon abokin aikinsa ya iso, ana riƙe da shi saboda bayansa ya ranƙwafa. Ya ce, "Mun yi shekara arba'in muna shiga rami tare, ba a taɓa ciro masa gawa ba." Sai ya ɗago ya nuna ni da haɓa. "Wannan ne kaɗai ya so ya ɓata masa suna." Waɗanda suka san labarin suka yi murmushi, ni kuwa na sunkuyar da kai. Labarin nan shi ya sa na ɗauki biro, don ba na so a binne shi tare da Baffa.

Haƙar rijiya ce sana'arsa. Daga ƙauyukan Gwaram zuwa Fagam har cikin ƙasar Birnin Kudu, da wuya ka yi tafiyar yini ba ka sha ruwan rijiyar da ya haƙa ba. Ƙasarmu kuwa mai dutse ce, wani wurin sai ka yi gaba biyar ka ci karo da fa, shimfiɗaɗɗen dutse. Da rijiyar burtsatse ta yawaita aikin ya ja baya, ya koma yasar tsofaffin rijiyoyi da gyaran bakinsu, bai taɓa yin ƙorafi ba. Cewa yake injin ya hutar da bayan mutane da yawa, Allah Ya saka wa wanda ya ƙera shi.

Sunan malalaci kuwa ba taubashinsa kaɗai ke kiransa da shi ba. Baffa ba ya taɓa dagi sai ya zauna ya ci ɗumame ya sha koko, a zaune, ba ya magana. Rana na take tsaka zai sa kowa ya fito, a yi salla, a sha fura, shi kuma ya shimfiɗa buhu a inuwa ya ɗora hula a fuska ya yi ƙailularsa, ko da mai gidan na tsaye yana huci. Juma'a kuwa ko hakimi ne ya aiko, sai Asabar. Rijiyar da wasu ke gamawa a sati uku, shi sai ya kai biyar. Na sha jin masu aiki suna cewa, "Ku nemi wani, wannan sai damina ta same ku." Amma waɗancan masu saurin, kafin su kai hamsin baya ya tafi, ƙirji ya tafi, wasu ma ramin ne ya cinye su. Baffa yana da saba'in da ɗoriya yana sauka rami da ƙafarsa.

Babbar dokarsa ita ce ta igiya. Duk wanda zai sauka, sai an ɗaura masa igiya a ƙugu, ɗaya bakin kuma yana hannun wanda ke sama. In na sama ya ja sau uku, na ƙasa ya ajiye dagi ya hawo, babu tambaya, babu "bari in ƙarasa". Baffa yakan ce, "Na ƙasa ba ya sanin iskarsa ta ƙare. Daɗin aiki ma yake ji, har ya kife." Na taɓa tambayarsa ta yaya shi da ke sama yake ganewa, tunda ba ya ganin fuskar mutum. Ya ce da kunne. "In sara na tafiya ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Da na ji mutum ya fara sauri, to ya kusa faɗuwa." Saboda haka ba ya ba kowa riƙon igiya sai wanda ya fi kowa hankali a wurin. Mai igiya kuma ba ya barin bakin rijiya, ko fitsari zai je, sai ya damƙa wa wani ita hannu da hannu. Shi kansa in yana ƙasa aka ja masa, hawowa yake kamar kowa, ko da ruwa ya fara tsattsafowa ƙarƙashin ƙafarsa.

Shekarar da na gama makarantar horon malamai, ina zaman jiran aiki, na bi shi wata rijiya a wani ƙauye kusa da Fagam. Lokacin ina ji da ƙarfi, ina kuma ji da boko. Mun kai gaba goma sha ɗaya, ranar ni ne a ƙasa, sai na ga ƙasar ta sauya, ta yi laima, tana manne wa dagi. Na ɗaga murya na ce ruwa ya kusa. Nan da nan labari ya shiga gari, ina jiyo hayaniyar mata a sama, har wata ta fara gwada guɗa. Kai, ranar na ga kaina ina fitowa da taɓo a jiki ana nuna ni. Na ƙara wuta.

Sai na ji an ja igiya sau uku.

Na ce, "Baffa, saura kaɗan!" Aka sake ja. Na san halinsa, in na ƙi zai sa a fizgo ni kamar guga a gaban mutane. Sai na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na sa hannu na kwance igiyar daga ƙuguna, na ci gaba da sara. Ina iya tuna sara uku ko huɗu bayan nan, da wani daɗi-daɗi da ya rufe ni kamar na mai jin barci. Daga nan ban san komai ba.

A gindin wata tsamiya na farfaɗo, an jiƙa ni sharkaf. Daga baya abokin aikin nan nasa ya ba ni labari. Da Baffa ya ja sai ya ji igiya ta taho sakayau. Ya damƙa masa ita, ya ɗaura wata a ƙugunsa, ya sauka cikin iskar da ta kayar da saurayi, ya ɗaure ni aka jawo, sannan aka jawo shi. An ce da ya fito sai da ya yi amai, ya daɗe a kwance.

Bai mare ni ba, da ma ya mara da ya fi mini sauƙi. Ya dai sallame ni daga aikin nan take. Kwana bakwai bai yi mini magana ba, in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Ran na takwas ni na fara tsiwa, na ce ai ruwan ya kusa, kuma ya kore ni daga bakin aiki a gaban jama'a kamar ɓarawo. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ba sumar ce ta ɓata mini rai ba, kowa na iya suma. Kwance igiyar da ka yi. Ka mayar da ni mai riƙe da banza." Ya ce in je in koyar da yara, allo ba ya kashe mutum. Ban sake shiga rami ba.

Na samu koyarwa a Birnin Kudu, na yi aure, Allah Ya ba mu yara huɗu, har na zama mataimakin shugaban makaranta. Ga gona a gida Gwaram, duk ƙarshen mako ina kan babur. Ga ƙungiyar ci gaban garinmu, ni ne magatakarda. Duk ɗan uwan da aka kawo asibiti Birnin Kudu a gidana ake sauka, ni ke bin layin kati, ni ke neman jini. Wayata ba ta yin shiru. Zan faɗi gaskiya tunda wanda ya fi kowa sanina ya tafi: daɗin abin nake ji. Ina son a ce in babu Malam ba za a iya ba. Abinci a tsaye nake ci, wani lokacin a kan babur. Ciwon kai ya zama abokin zama, sai in haɗiyi ƙwaya in wuce. Yarana suka koyi yin tsit in sun ji ƙarar babur ɗina, don ba su san da wace fuska zan shigo ba.

Wata rana ina rubutu a allo, alli ya suɓuce daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, ajin ya juya da ni, hannuna na hagu ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Wani abokin aiki ya kai ni asibiti. Likita ya gwada, ya sake gwadawa, ya cire tabarau ya ce hawan jini ne, kuma ya yi nisa. Ya ce in ban sha magani kullum na rage ɗawainiya ba, abin da zai biyo baya shanyewar ɓarin jiki ce, in ma an yi sa'a ke nan. Na karɓi magani na kai makaranta na kulle a durowa. Mai ɗakina ban gaya mata ba. Na ce wa kaina ba na so hankalinta ya tashi, alhali tsoro nake ta hana ni fita.

Ko sati biyu ban yi ba Baffa ya gano ni. Na je gida ranar Asabar, Inna matarsa ta kawo mini tuwo, ina ci ina amsa waya ina ɗaure igiyar buhu da ɗaya hannun. Yana zaune yana kallona. Da Inna ta shiga ciki ya ce, "Malam, sauri kake yi." Haka yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana. Na ce ayyuka ne suka yi yawa. Ya ce, "Na ce sauri kake yi. Me likita ya ce?" Wallahi ban san lokacin da na zaro kwalin maganin daga aljihu na miƙa masa ba. Ya jujjuya shi, shi da ba ya karanta boko, ya ga babu komai a ciki, ƙwayoyin na can a durowa, ya jefa a aljihunsa.

Ya ce, "Ashe kuskure na yi. Na ce allo ba ya kisa, ka je ka haƙa raminka a can ka shige. Wa ke riƙe maka igiya?"

Na ce, "Allah, Baffa."

Ya ce, "Allah Shi ke tsare kowa. Amma ni ban taɓa sauka rami na bar baki babu mutum ba. Ka gaya wa matarka."

Na roƙe shi ya rufa mini asiri, na ce zan gaya mata in na samu lokaci. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "To, ni zan riƙe, kafin ka yi hankali."

Da gaske yake. Tun daga ranar, duk inda muka haɗu a taro, ɗaurin aure ne ko suna ko zaman ƙungiya, in ya ga na fara shiga nan fita can, sai ya lallaɓo ta bayana ya kama gefen rigata ya ja sau uku. Ba wanda ya san ma'anar sai ni da shi. Dole in bi shi inuwa in zauna. Ya turo mini kwanon fura, ya miƙo hannu in ba shi waya, ya cire hula ya jefa ta ciki ya mayar kansa. Sai ka ga waya na ta kuka a kan tsoho, shi kuwa yana ta hirar farashin gero kamar ba a kansa take ba. In na ce, "Baffa, ƙila shugaban makaranta ne," sai ya ce, "In shi ne ma ya san hanyar gidan nan."

Har darasi ya riƙa yi mini. Ya ce in maimaita bayansa, "Ba zan samu dama ba." In ce, "Zan duba in gani." Ya ce, "A'a, ba haka na ce ba. Kai da kake koya wa yara karatu, kalma biyar ta gagare ka?" Ranar Juma'a in ina gida, bayan an sauko sai ya shimfiɗa mini buhunsa a gindin darbejiya ya ce in kwanta. In ce ba na jin barci. Ya ce ba barci ya ce in yi ba, kwanciya ya ce. Sau da yawa sai kiran la'asar ke tashe ni, in ga yana zaune a gefena yana kore mini ƙuda da hula, wayar na cinyarsa. Shekara biyu muka yi a haka. Jinin ya sauka, ciwon kan ya yi sauƙi, har ƙaramar 'yata ta fara tarata a ƙofa. Aikin makarantar ma ya fi tafiya daidai, na daina mantuwa, na daina yi wa malamai tsawa. Sai na ɗauka na warke, na fara komawa halina.

Sati uku kafin rasuwarsa aka ɗaura auren 'yar ƙanwata. Ni ne kan motoci, ni ne kan abinci, ni ne kan baƙin da suka zo daga Kano. Wata mota ta lalace a hanya, ina tsaye a rana ina faɗa da direba a waya, sai na ji an ja rigata sau uku. Ban ko juya sosai ba. Na sa hannu na ture nasa, na ce, "Haba Baffa, don Allah ba yanzu ba." Ya sake ni. Ya ce, "To." Ya koma inuwa ya zauna shi kaɗai.

Wannan "to" ita ce maganar ƙarshe da na ji daga bakinsa ido da ido. Tana nan a ƙirjina, kuma ba na jin za ta fita.

Bayan bikin zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙirji ya riƙe. An gaya mini, na ce zan zo in mun gama jarrabawa, na aika da magani. Ranar Asabar mai ɗakina ta gaji da jirana, ta kwashi yara ta hau motar haya ta je dubo shi. Ta dawo shiru-shiru, idonta ya yi ja. Ban tambaye ta komai ba, ina cikin takardun jarrabawa har wuya. Talata da safe, yara na kan layi a filin makaranta, waya ta shigo.

Kwana ukun zaman makoki ban zauna ba. Na ce wa kaina hidimar Baffa ce, wa zai yi in ba ni ba. Amma na sani gudun zama nake, don in na zauna sai na ji "to" ɗin nan. Maganina yana can kulle a durowar makaranta. Abinci kuwa sai dai goro da ruwa. Ranar sadakar uku da hantsi na shiga cikin gida in fito da buhun gero, waya a kunne ina rigima da mai kawo rumfuna. Ƙeyata na sara kamar ana buga dagi, ina ganin tsakar gidan na ɗan karkacewa, amma ina jin ƙarfi, ina jin zan iya yini a haka.

Sai aka ja gefen rigata. Ɗaya, biyu, uku.

Gabana ya faɗi, har wayar ta kusa suɓucewa. Na juya. Mai ɗakina ce, a durƙushe, gefen rigata a hannunta, a gaban surukanta da dangi cike da tsakar gida, ita da ko sunana ba ta faɗa a gabansu. A ɗaya hannun tana riƙe da sabon kwalin magani, da wani tsohon kwali da ya yamutse ya yi baƙi saboda zaman aljihu. Na gane shi.

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, Baffa ya ba ni kwalin nan ranar Asabar. Ya gaya mini komai. Ya ce zai tashi daga bakin rijiya, ba zai tafi bai damƙa wa wani ba." "Ya ce kuma in gaya maka, shi ya taɓa sauka ya ɗauko ka. Ni ba zan iya sauka ba. In ka kwance, shi ke nan, ni da yaran nan sai dai mu tsaya a baki."

Mai rumfuna yana ta "alo, alo" a kunnena. Na kashe wayar na miƙa mata, ta ƙulle ta a bakin mayafi. Na nemi gindin bango na zauna a ƙasa, Inna ta miƙo mini ruwa, na haɗiyi maganin. A nan kukan da na yi kwana uku ina gudu ya same ni, na yi shi a gaban mata ban ji kunya ba. Wani ƙanena ya ɗauki buhun geron ya fita da shi. Rumfuna suka iso, aka yi addu'a, aka raba sadaka, jama'a suka watse lafiya, duk ina zaune.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo, wanda ya shayar da mutane da dabbobi, bai taɓa barin wani a rami ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka ba Inna haƙurin rashinsa. Ni kuma Ka yafe mini hannunsa da na ture.

Jiya da azahar ina tsakiyar rubuta wannan, na kusa kai ƙarshe, aka ja rigata sau uku. Na buɗe baki zan ce saura kaɗan. Sai na ajiye biron, na je na ci abinci a zaune. Da safen nan na ƙarasa.